Ƙafar da Ta Manta Hanyar Gona

Laccar da aka gabatar a gaban dattawa, iyaye mata da matasa a garin Tsaskiya, ƙaramar hukumar Safana, bayan an kammala girbi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu a wannan fili da yammacin nan, muna zaune a sarari babu mai waiwaye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ranka ya daɗe Maigari, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta malam, limaminmu, da sauran malamai. Iyayena dattawa, iyayena mata da nake hange can gindin bedi, ƙannena da 'ya'yana matasa, ina yi muku barka da kaka.

Da 'yan'uwa suka same ni suka ce in zo in yi magana a kan motsa jiki, sai da na yi dariya. Na ce a Tsaskiya? Ai na rigingine ba a nuna masa farin wata. Mutumin da ya tashi da fartanya a kafaɗa, da matar da ta buɗe ido ta ga taɓarya, su za a tara a koya wa motsa jiki? Amma da na koma gida na kwanta, sai dariyar ta maƙale mini, domin na tuna abin da ya same ni a daminar bara. Da shi zan fara, don kada wani ya ɗauka gori na zo yi.

Kun san shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a firamare, kuma ni ake turo wa aji idan lokacin guje-guje da tsalle-tsalle ya yi. Da matsalar 'yan bindiga ta yi zafi a 2020, na kwashe iyali muka koma Katsina, muka raɓe a ɗaki biyu. Shekara huɗu ina can. Aikina guda ne: in fito da hantsi in zauna a benci ƙofar shagon wani bawan Allah, in kasa kunne ko an kawo labarin gida. Daga benci sai masallaci, taku bai fi arba'in ba, daga masallaci sai benci. Da Allah ya nufa na dawo, ƙanena ya ce mu leƙa gonar mahaifinmu. Hanya ce da muke yi da gudu muna yara, da ƙwaryar fura a ka, ko ɗigo ba ya zuba. Ran nan ban kai rabi ba na nemi gindin wani gawo na zube, ban ma tuna cewa gawo ba shi da inuwa da damina ba. Numfashi sama-sama, gwiwoyi na kaɗawa, gumi har cikin ido. Ƙanen nan nawa, wanda shekara uku kacal na ba shi, ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya, ko in koma in ɗauko babur?" Wallahi kunyar wannan tambaya ta fi gajiyar ciwo.

Bayan kwana biyu na je asibiti aka ɗaura mini abin awo a damtse. Yarinyar da ta auna ni, ni na koya mata haruffa a aji ɗaya. Ta duba, ta sake dubawa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, 170 bisa 100." Ga wanda bai sani ba, daga 140 bisa 90 ake fara kiran abin hawan jini.

Na san ba ni kaɗai ba ne. A cikin taron nan akwai waɗanda suka dawo daga Katsina, daga Dutsin-Ma, daga cikin garin Batsari, da jikin da ba shi suka tafi da shi ba. Akwai kuma waɗanda ba su je ko'ina ba, amma duniyarsu ta tsuke ta koma ƙofar gida.

Iyayenmu ba su san wani abu daban mai suna motsa jiki ba, domin a cikin rayuwarsu yake a dame, kamar gero a fura. Namiji daga sassabe sai shuka, sai noman firi, sai maimai, sai girbi, sai ɗaurin dami da jido zuwa rumbu. Mace daga sussuka sai surfe, sai daka, sai niƙa a dutse, sai jan guga, sai itace. Ranar kasuwa a ƙafa ake cin Runka ko Safana ko Batsari, mai hali ya sa jaki a gaba, amma shi ma a ƙasa yake bin jakin. Idan kaka ta yi, ciki ya ɗauka, sai dandali ya cika: samari na kokawa da dambe, yara na langa, 'yan mata na gaɗa har farin wata ya karkata.

Tun kafin fitinar nan wannan saƙa ta fara warwarewa. Babur ya zo, injin niƙa ya zo, maganin feshi ya rage wa fartanya aiki. Ban zo in zage su ba. Duk wanda ya ce a mayar da iyayenmu mata kan dutsen niƙa, a fara ba shi tiya ɗaya ya niƙa mu gani. Sauƙi ne daga Allah. Sai dai kowane sauƙi da ya shigo ya ɗauke wa jiki wani aiki, mu kuma ba mu ba jikin wani a madadinsa ba.

Sannan abin da kuka sani ya zo ya ƙarasa. Dajin Rugu da muka tashi muna cin arzikinsa, itace da kiwo da zuma, ya zama inda ba a ko nuna shi da yatsa. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Ɗankar, nan maƙwabtanmu a Batsari. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari. Gonar nesa aka bar ta ga ciyawa. Dandali ya mutu. Filin ƙwallo ya zama saura. Wa zai bar ɗansa ya fita wasan dare, alhali shi kansa da takalmi a ƙafa yake kwana?

Wani zai ce, "Malam, ai mun sha gudu." Gaskiya ne, mun sha. Amma gudun ceton rai ba ya gina jiki, cinye shi yake yi. Mai tsoro zuciyarsa bugu take yi ko yana zaune, jijiyoyin jininsa a ɗaure suke, barcinsa rabi ne. Idan aka jera shekaru a haka, ga zama wuri ɗaya, ga fargaba, ga rashin barci, to an haɗa wa hawan jini duk kayan miyarsa. Ku duba unguwanninku ku ƙirga gidajen da ke da mai shanyewar ɓarin jiki yau, ku tuna nawa ne lokacin da muke yara.

Bari in ba ku labarin wani gwaji, domin ni shi ya fara kwance mini ƙullin da ke raina. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, likitoci suka sami samari biyar masu shekara 20, lafiyayyu, suka kwantar da su a gado mako uku cur, ba tashi ba tafiya. Da aka tashe su aka auna, ƙarfin zuciya da huhunsu wajen aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Mako uku fa! Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar, sun kai shekara 50, wasu har da tumbi, aka sake auna su. Sai aka tarar kwanciyar mako ukun nan ta fi yi wa ƙarfinsu ɓarna a kan tsufan shekara talatin. To idan mako uku ya yi haka, ina ga shekara huɗu a benci?

Amma ku saurari sauran labarin, don shi ne abin da ya kawo ni. Aka sa dattawan nan su riƙa tafiya da sassarfa da tuƙa keke, a hankali ana ƙarawa, har wata shida. Da aka auna, ƙarfin numfashinsu ya koma daidai inda yake lokacin da suke shekara 20, kafin a kwantar da su. Jikin ɗan Adam ba ya riƙo. Ka wulaƙanta shi shekaru, ka dawo ka ba shi haƙƙinsa, ya karɓe ka.

To me ya sa dawowar take da wuya? Nan ne nake so mu daɗe.

Mu kan yi saurin kiran mutum rago. Matashi ya wuni kwance a zaure, a ce lalaci. Dattijo ya daina leƙa gona, a ce ya sangarce a birni. Ni ban yarda ba. Rago daban, wanda gwiwarsa ta yi sanyi daban. Mutumin da ya noma gona aka hana shi girbewa, wanda ya yi kiwon shanu shekara goma aka kore su cikin dare ɗaya, wanda ya sayar da gado ya biya kuɗin fansa, wannan zuciyarsa ta koyi wani mugun darasi: cewa ƙoƙari ba ya haifar da komai. Mai irin wannan darasi ko ka ce masa tashi ka zaga gari don lafiyarka, abin da zai ji a ransa shi ne, "don me?" Idan muka kira wannan lalaci, mun yi masa zalunci na biyu. Kuma idan abin ya kai mutum ba ya barci, ba ya son abinci, ba ya son ganin kowa, yana jin gara ma ya mutu, to ciwo ne da ke da magani, a kai shi asibiti kamar yadda ake kai mai zazzaɓi, a haɗa da addu'a.

Ni kuskure biyu na yi, kuma ina zaton su kowa ke yi. Na farko, na zauna ina jiran karsashi ya zo. Kullum in ce bari jikina ya ɗan saki, bari zafi ya ragu, bari Sallah ta wuce. Wata biyu ina cin bashin gobe. Ku matasa kun fi ni sanin babur da ya daɗe a jingine har batirinsa ya mutu. Zama ake yi a kansa a jira ya tashi? Turawa ake yi, da nishi da gumi, ya yi tari sau biyu sau uku, sannan ya kama. Idan ya kama kuwa, tafiyar ce ke caja batirin. Haka karsashi yake. A bayan motsi yake zuwa. Ranar da na fara fita ba da son raina na fita ba, kuma sai da na yi kusan mako uku kafin in wayi gari in ji ƙafata da kanta tana neman hanya.

Kuskure na biyu ya fi ban dariya. Da kunya ta ishe ni, rana ɗaya na zaro tsohon kambas ɗina daga ƙarƙashin gado, na tafi filin makaranta na zaga shi sau biyar da gudu, wai ni tsohon malamin wasanni. Kwana uku ina sallah a zaune. Na mayar da kambas inda na ɗauko shi na ce ashe girma ya zo. Alhali babu manomin da ke cikin taron nan da zai yi wa shanun huɗarsa abin da na yi wa kaina. Bijimin da ya sha rani ya rame, ranar farko ba a ɗaura masa garma a ce ya huɗe gona guda. Harawa ake ba shi da dusa, a ja shi kaɗan yau, a ƙara gobe, har wuyansa ya sake sabawa da karkiya. Mun iya tausayin sa, mun kasa tausayin kanmu.

Abin da ya fisshe ni ƙarami ne ƙwarai. Wani aminina, sa'ana, wanda shi ma likita ya ja masa kunne saboda ciwon suga, ya ce mini, "Malam, idan an sallame Asuba kada mu bi ta lungunmu. Mu bi ta bayan makaranta mu zagayo." Shi ke nan. Babu kambas, babu gajeren wando, da rigunanmu da carbinmu. Makon farko minti goma, muna tafe muna lazimi. Mako na uku muka ƙara da zagaya bakin kasuwa. Yau muna yin minti arba'in ba mu sani ba, kuma a kakar nan da ƙafata na je gonar nan ta mahaifinmu, na wuce gawon ban ko dube shi ba. Maganin hawan jinina ina sha, ban daina ba kuma ba zan daina ba sai likita ya ce, amma awon da aka yi mini a watan jiya 135 bisa 85 ne.

Da na zauna na yi nazari, abu biyu ne suka riƙe tafiyar. Na farko, mun rataya ta a jikin abin da ba ya tashi. Mu Musulmi Allah ya ba mu turaku biyar a kowace rana, waɗanda ko ana ruwa ko ana iska suna nan. Duk ɗabi'ar da ka ɗaure a turken sallah ba sai ka tuna da ita ba. Wasu masu bincike a wata jami'a a Landan, ƙarƙashin wata mata mai suna Phillippa Lally, sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin koyon sabuwar ɗabi'a, kowa ya ɗaura tasa a wani lokaci sananne na yini. Sakamakon da suka fitar a 2009 ya nuna cewa a tsaka-tsaki kwana 66 ake yi kafin abu ya zama jiki, wani kwana 18 ya ishe shi, wani sai ya haura 250. Suka kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Wannan ya kamata ya kwantar mana da hankali. Wanda ya makara sallar Asuba ba ya cewa shi ke nan na bar sallah. Tashi yake yi ya rama, gobe ya kwanta da wuri.

Na biyu, mu biyu ne. Ranar da sanyin hunturu ya sa na ji kamar in koma bargo, na san akwai mai tsaye yana jirana a ƙofar masallaci, kuma na san bakinsa. Tsoron gorin amini ya fi duk wata nasihar likita aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai wata katanga da ba a cika faɗa ba, ita ce kunyar idon mutane. Dattijo na tsoron a ce ya zautu, ko a ce talauci ya hana shi hawa babur. Allah gafarta malam yana nan, in na yi kuskure ya gyara mini. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan je masallacin Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta. Ya yi kokawa da Rukana, gwanin kokawar Makka, ya kayar da shi. Kuma ya koyar da cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko ƙanƙane ne, shi Allah ya fi so. To wane girma ne gare mu da tafiya a ƙafa za ta zubar?

Nawa ake bukata? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga, wato rabin awa sau biyar. Ma'auninsa mai sauƙi ne: tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera karatu ba. Manomi da damina ya ninka wannan ba adadi, shi ba da shi nake ba. Da shi nake daga yanzu zuwa faɗuwar ruwa, watannin da ake shimfiɗa tabarma a bi inuwa tana juyawa ana juyawa.

Ina kuma yi da masu sana'ar zama. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na Landan. Direba na zaune yini guda, kwandasta na hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Ɗan acaɓa, tela, mai shago, mai cajin waya, ku ne direbobin nan. Gajiyar da kuke kwana da ita ta gaskiya ce, amma gajiyar baya ce da ƙugu, zuciya ba ta yi aiki ba.

Iyayena mata, ku aka fi mantawa a irin wannan magana, alhali ku abin ya fi ci. Namiji ko ba komai yana zuwa masallaci sau biyar. Mace kuwa, da inji ya karɓi niƙa, tsoro ya hana zuwa itace da biki a ƙauyukan kusa, sai ta koma daga ɗaki sai madafa. Ga haihuwa a kai a kai, ga ciwon gwiwa, ga ƙafa na kumbura. Ba na ce ku fito titi ba. Tsakar gida ta isa. Ku haɗu ku uku ku huɗu da maƙwabta bayan La'asar, ku zaga tsakar gida mafi faɗi kuna hirarku. Ranar Islamiyya a tafi a ƙafa a rukuni. Ɗan dakan yaji da na fura kada a miƙa wa yara duka, taɓarya tana gina kafaɗa da baya fiye da yadda kuke zato. Wadda gwiwa ta dame ta, ta zauna a kujera ta miƙe, ta zauna ta miƙe, sau goma safe da yamma. Ku kuma magidanta, idan ta nemi izinin shiga maƙwabta don wannan, ku tuna kuɗin maganin shanyewar jiki na wata ɗaya kafin ku ce a'a.

Game da abinci dole in yi taka-tsantsan, don na san halin da ake ciki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shidan farko na 2025 saboda tamowa. Gidan da tukunya ba ta hau murhu ba, ba shi da bukatar laccata, hatsi yake bukata, kuma wanda Allah ya cika wa rumbu bana ya san maƙwabcinsa. Amma gidan da ake ci, a duba abu biyu. Gishirin da jiki ke bukata a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, mu kuwa sai a zuba gishiri, a marmasa dunƙule huɗu, a ƙara yaji mai gishiri a gefe. A rage dunƙule a mayar da daddawa matsayinta. Sai shayi. Na tsaya na ƙirga wa wani mai shayi cokali biyar na sukari a kofi ɗaya, mai sha kuma ya ce a ƙara. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, wake, gero da dawa, waɗanda muke rainawa muna kira cimar talaka, su likitocin birni ke rubuta wa masu kuɗi.

'Ya'yana matasa, da ku zan yi magana ba sakaye. Na san abin da wasunku ke haɗiya kafin su shiga gona ko su hau babur, wai don ƙarfi. Tramadol ba ya ba da ƙarfi. Toshe kunnen jiki yake yi don kada ya ji gajiya, kamar mai cin bashi da ruwa, ranar biya kuwa da farfaɗiya da ƙoda da hankali ake biya. Ƙarfin gaske kun san inda ake samunsa. 'Yan'uwanmu na Nijar tun 1975 suka mayar da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, kuma har yau idan ana kokawar takobi kuna manne da rediyo, kun sha jin yadda Issaka Issaka na Dosso ya kayar da maza. Kakanninku da nasu dandali ɗaya suka gada. Me ya hana unguwa da unguwa su kara a kakar nan, da rana tsaka, a gaban Maigari? Filin ƙwallon nan da ciyawa ta cinye, gayyar safiya ɗaya ta ishe shi.

Ban ce an koma kamar da ba. Sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a 2025 a Jibiya da Batsari da Safana da wasu wurare ya sa an ɗan numfasa, kowa kuma da abin da ke ransa game da shi, ba shi aka tara mu a kai ba. Abin da zan ce kawai, kada wanda ya fita shi kaɗai, kada a wuce inda masu tsaron gari suka ce a tsaya, kada a fita da duhu. Cikin gari ya isa. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko suga, ya fara zuwa a auna shi. Mai shan maganin suga kada ya yi doguwar tafiya da yunwa. Idan bazara ta yi, a fita da sanyin safiya a sha ruwa. Wanda kuwa yana tafiya ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe shi, ko numfashi ya ƙi, ya tsaya nan take a kai shi asibiti, ba a yi wa wannan jarunta.

Ranka ya daɗe, roƙona gare ka ɗaya ne: ka sa baki a yi gayyar filin nan kafin Juma'a mai zuwa, domin idan kai ka ce, an yi. Allah gafarta malam, kalma biyu a huɗuba za su cire wa dattawa kunyar da ni ba zan iya cire musu ba. Sauran jama'a kuwa, gobe idan an sallame Asuba, ni da aminina muna ƙofar masallaci. Minti goma za mu yi saboda baƙi, ta bayan makaranta. Wanda zai zo ya zo da rigarsa da carbinsa, ya kuma taso maƙwabcinsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.